Ajiya a Gindin Tsamiyar Gidan Barmo

Keita, 8 ga Afrilu

Zuwa ga taubashiyata Hulda,

An tono wani akwatin roba a gindin tsamiyar da ke gefen majami'ar Gidan Barmo, kuma matan gidan Kawu Ɗanasabe sun ce sammu ne.

Na san za ki ce aikin rediyo ya lalata ni, na fara da labari kafin gaisuwa. To, ga gaisuwar. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya zafin bazara, ya mutanen asibiti. Mu nan Keita lafiya lau. Na je ƙauye ranar Juma'a, na ga mahaifinki, Kawu Kaleb. Tarin nan ya sake shi, yana cin abinci sosai. Ya ce in gaya miki maganin ido ya kusa ƙarewa.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na ji daga bakin waɗanda suka gani. Samarin gidan Kawu Ɗanasabe suna gyaran jerin duwatsun da ke tare ruwa a bakin gonarsu. Duwatsu suka ƙare musu, suka je ɗibar waɗanda ke jibge tsakanin saiwoyin tsamiya. Suna ɗaga wani faffaɗan dutse sai ga akwatin, mai murfi, bai fi kwanon sha girma ba. Na buɗe shi da hannuna. A ciki akwai 'yar tsana mai jan gashi, da wuri, da mabuɗi marar kwado, da jan zaren ɗaurawa a hannu, da guntun fensir, da takarda a naɗe mai sunayen baƙi.

Ke ma kin san abin da mutumin Adar zai ce in ya ga 'yar tsana da wuri da jan zare a binne a bakin gonarsa. Inna Fatsima, matar Kawu Ɗanasabe, ta riga ta gano dalilin mutuwar ragonsu bara, da kumburin gwiwar maigida, da kazarta da ta daina ƙwai. Shi kuwa Kawu Ɗanasabe dariya yake yi. Ya ce: "Wanda duk yay yi mani sammu da ɗiyar roba bai san ni ba. Kayan baƙi na, masu auna hanya ko 'yan furoje masu aikin agaji sunka manta." Ya hana a ƙona akwatin, ya sa an ɗora shi a kan katangar zaurensa.

Na tambayi Kawu Kaleb. Ya ce kamar ya tuna wani abu, amma in tambaye ki.

Da ba don yaɓe ba, da na bar maganar ta wuce da dariya. Bangon gabas na majami'a ya tsage, tsagar da hannuna ke shiga har wuyan hannu, kuma nan ne ruwa ke duka. Kiristan da suka rage a ƙauyen tsofaffi ne, ba mai iya ɗaukar kwandon ƙasa a cikinsu. Tun zamanin kakanki Yoshuwa, gidan Kawu Ɗanasabe ne, duk da su Musulmi ne, ke fito da samari da jakai a yi gayya a yaɓe ginin kafin damina. Samarin sun fara dawowa daga ci-rani. In ruwan fari ya sauka kowa gona zai nufa, ba wanda zai waiwayi bango. Ba na so maganar mata ta yi ƙarfi kafin a sa ranar gayya.

Na rubuto a takarda don saƙon murya yana yawo daga waya zuwa waya, wannan kuwa maganar gida ce. Ki ba Alƙasim direba amsa in ya juyo daga Madawa.

Wanda ya fi ki hankali,
Zakariya'u

*

Asibiti, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Zakariya'u, jikan mace,

Ina gaishe ka, ina gaida Fa'iza da yara. Ni lafiya ta ƙalau, sai aiki. Ƙyanda ta shigo ƙauyukan kudu, ɗakin yara ya cika har baranda. Ga maganin idon Baba nan a cikin ambulan, kada ka bar shi a rana.

Na karanta takardarka a tsaye, na yi dariya har wata mai jinya ta tambaye ni ko albishir ne. Kai da ake jin muryarka har Ibohamane kana bayyana wa mutane duniya, ɗan akwatin roba ya gagare ka.

Na san akwatin. Da gangan aka ajiye shi, kuma da sanin Baba, shi ya ba da izini. Ka tuna Dokta Lois, baturiyar nan likitar yara da ta yi shekaru a nan, wadda ke cin tuwo da hannun hagu sai an tsawata mata? Kafin ta koma ƙasarsu na kai ta Gidan Barmo, don ta ji labarin majami'ar da Kaka Yoshuwa ya gina da hannunsa bayan an yi masa magani a wannan asibitin. Ta ga azarar rufin, ta ga ƙarfen ƙafar mota da muke bugawa a madadin ƙararrawa, ta ce wurin ya isa a zo gani.

Su suna da wani wasa da suke kira jiyokash. Mutum zai ɓoye ɗan akwati a wurin da yake so wasu su sani, ya rubuta lambobin wurin a intanet. Matafiyi ya bi lambobin da wayarsa har ya gano akwatin. In ya gano, ya rubuta sunansa a takarda, ya ɗauki abu ɗaya, ya bar abu ɗaya, ya mayar da akwatin daidai inda ya same shi. Ba a cin komai, ba a ba kowa komai. Amfaninsa kawai ƙafarka ta kai ka inda da ba za ka je ba. Da can wasu ma'aikatanmu sukan je ranar hutu. Tun da hanya ta daina karɓar baƙi saboda rashin tsaro ba wanda ya sake zuwa, ni ma na manta da shi.

'Yar tsanar ta wata yarinya ce, ɗiyar wani likitan ƙashi. Wurin kuwa, in ban manta ba, ni na sa shi, daga tsohon faifan mahaifiyata na cire.

Ka gaya musu haka, kuma a mayar da shi inda yake. Ka gaida Baba Ɗanasabe, ka ce gwiwar nan ba sammu ba ce, shekaru ne da hawan tudu. Ya zo mu duba.

Uwargijiyarka,
Hulda

*

Keita, 17 ga Afrilu

Hulda,

Gaisuwa da fatan alheri. Fa'iza na amsawa, yara lafiya. Maganin ya isa hannun Kawu Kaleb.

An ɗage gayya, kuma ba a sa wata rana ba.

Na je ƙauye da takardarki ranar kasuwar Deule, na tarar da dattawan a inuwar tsamiya bayan la'asar, Kawu Kaleb da Kawu Ɗanasabe a tabarma ɗaya kamar kullum. Na ga babu abin ɓoyewa, na karanta musu. Da na zo kan tuwo da hannun hagu kowa ya yi dariya, har akwai waɗanda suka tuna ta. Kawu Ɗanasabe bai yi dariya ba. Ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce in koma baya in sake karanta wurin da kika ce wane ne ya ba da izini. Na sake karantawa. Ya juya ya dubi mahaifinki ya ce: "Kalebu, haka na?" Kawu Kaleb ya ce haka ne. Sai Kawu Ɗanasabe ya jawo sandarsa, ya sa takalmi, ya ce mana sai an jima.

Washegari babban ɗansa ya zo ya gaya wa Kawu Kaleb cewa samari suna da aikin duwatsu da yawa bana, a dakata da maganar yaɓe. Ya faɗa cikin ladabi, yana durƙushe. Akwatin yana nan a kan katanga, ba a mayar ba, ba a ƙona ba.

Abin da na sani ke nan. Abin da nake zato, kuma zato ne kawai, shi ne muddin kayan baƙi ne da aka manta, abin dariya ne a wurinsa. Da ya ji an ajiye da niyya, kuma mutanen majami'a sun sani, sai maganar Inna Fatsima ta sami wurin zama. Na yi ƙoƙarin nuna wa samarin yadda wasan yake a wayata, amma rezo, wato sabis ɗin waya, a Gidan Barmo sai an hau kan tudu, kuma ko da muka hau bai buɗe ba.

Na je wurin mahaifinki. Na same shi yana cusa tsumma da ƙananan duwatsu a tsagar bangon, shi kaɗai. Na karɓa na ƙarasa masa, amma ni da ke mun san wannan ba zai tare ruwan gabas ba.

Zakariya'u

*

Asibiti, 21 ga Afrilu

Zakariya'u,

Ina gaishe ku. Muna lafiya.

Wa ya ce ka karanta takardata a gaban jama'a? Kai na rubuta wa, da bakin da nake yi maka magana. Ka mayar da ita sanarwar rediyo.

Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. Baba Ɗanasabe ne ya yanka ragon sunana. Duk shekara in an yi gayya, mu ke sayen akuya, shi ke yankawa don kowa ya ci. Ranar Idi Baba ne ke zama a bakin garke har su dawo daga salla. Mutumin da ya san mu haka zai yarda cewa mun binne masa asiri? Ka rubuta "mutanen majami'a" kamar wasu baƙi ne da suka sauka jiya. Kakana da kakarka da mahaifin Baba Ɗanasabe ciki ɗaya suka fito, ɗiyan Barmo ne su duka. In kai ma a ranka akwai "mu" da "su", ka faɗa mini a fili.

Ba zan iya barin aiki yanzu ba. Ka koma ka same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba.

Hulda

*

Asibiti, 6 ga Mayu

Zakariya'u,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru.

Na aiko maka takarda ban ji amsa ba. Na kira wayarka, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, wata rana kuma a rufe. In maganata ce ta yi zafi, ka san a gajiye na rubuta ta, kuma tsakanina da kai ba a fara riƙe magana ba sai yau.

Jiya hadari ya taso ta gabas, ya yi duhu, iska ta watsa shi. Wata mata da ta kawo ɗanta daga wajen Buza ta ce su ma sun ga walƙiya. Na tambaye ta labarin Gidan Barmo, ba ta san kowa a can ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Bangon yana tsaye?

Hulda

*

Keita, 10 ga Mayu

Zuwa ga Hulda,

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki sannu da aiki. Lafiyarmu lau. Bangon yana tsaye, ba a yi ruwa ba tukuna.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Motar Alƙasim ta karye a gangaren Buza, ta yi kwanaki a gareji, takardarki ta farko tana cikin aljihun ƙofa. Ni kuma an tura ni ƙauyukan Ibohamane ɗaukar shirin gyaran fako, inda waya ba ta da amfani sai haska hanya. Ban yi fushi ba. A kan karanta takarda a gaban jama'a kina da gaskiya. A kan "mu" da "su" ba ki da ita, kuma za ki biya ni da soyayyar tattabara.

Zaton da na rubuta miki kuskure ne. Na janye shi.

Na koma ƙauye shekaranjiya. Kawu Ɗanasabe ya karɓe ni da fara'a, ya yi mini hirar farashin albasa da ciwon gwiwa, da na kawo maganar akwati sai ya tambaye ni lafiyar Fa'iza. Na shiga cikin gida na tarar da Inna Fatsima tana tsince tsamiya a faifai. Na fara yi mata bayanin wasan turawa, ta katse ni.

Ta ce: "Kai ɗan nan, bar wahal da bakinka. Ni ka tsoron ɗiyar roba, kuma har gobe ina tsoronta. Shi ba ya tsoron komi. Tambai shi wa ad da saiwa."

Ban gane ba, ta bayyana mini. Na kuma je na tambayi limamin ƙauye, wanda ya girme su duka, ya faɗa mini daidai abin da ta faɗa. A gindin wannan tsamiyar ne Barmo yake yin yankansa na gargajiya kafin shuka. Da ɗansa Garba, mahaifin Kawu Ɗanasabe, ya musulunta, Yoshuwa kuma ya zama Kirista, ba wanda ya gaji yankan, amma ba wanda ya yarda a sare itacen. Da Garba ya ba ƙanensa filin gina majami'a, sai suka raba tsamiyar. Inuwa ta majami'a ce, su zauna bayan sujada, su yi taro, ba mai tashinsu. 'Ya'yan itacen da saiwa da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gidan Garba ne. Shi ya sa matan gidan ke kaɗa tsamiya su aiko muku da rabonku, ba ku ke kaɗawa ba. Na sha ganin haka tun ina yaro, ban taɓa tambayar dalili ba.

To Dokta Lois ta nemi izini wurin mai inuwa, ta sa ajiyarta a cikin saiwa. Kawu Ɗanasabe bai zargi kowa da asiri ba. Abin da ya ji a takardarki shi ne ƙanensa ya ba da abin da ba nasa ba, shekaru suka wuce bai faɗa masa ba, kuma a gaban dattawa ya fara ji.

Na kai wa Kawu Kaleb wannan. Ya ce ya san rabon sarai, amma ba a haƙa ko taƙi ɗaya ba, dutse kawai aka ɗora, kuma duk abin da ke gindin itace a inuwa yake. Na mayar wa Kawu Ɗanasabe. A karon farko ya amsa. Ya ce: "Abin da ke ƙarƙashin dutse, yaushe yag ga inuwa?" Na yi ta kai da kawowa tsakanin zaure biyu har ƙafata ta gaji. Kowannensu yana tambayata ko ɗayan ya ci abinci.

Ni jikan mace ne, a maganar ƙasar gidan Barmo bakina gajere ne. Ke ɗiyar gida ce. Ki nemi konje, hutun aiki ko na kwana biyu.

Zakariya'u

*

Gidan Barmo, 16 ga Mayu

Zuwa ga Zakariya'u,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya. Baba yana gaishe ka, Baba Ɗanasabe ma haka, Inna Fatsima ta ce ka bar hularka a gidanta. Na sami konje, na iso ranar Talata a bayan babur daga Buza, ƙugu na ciwo.

An sa gayya ranar Alhamis mai zuwa. Ka ga ni ma na koyi sa labari a gaba irin naka.

Da na iso na ce wa Baba ya je ya ba da haƙuri. Ya ce shi da Ɗanasabe ba su taɓa ba juna haƙuri ba tun suna kiwon awaki, in ya fara yau, sai Ɗanasabe ya ɗauka ciwon ajali ya kama shi. Na ce to bango fa? Na bar shi na shiga gyaran ɗaki. Da safe na ga ya sa farar rigarsa ta Lahadi, ya aiki a sayo goro, ya ce in bi shi in riƙe masa sanda in ya zauna.

Muka tarar da Baba Ɗanasabe a zaure yana gyaran igiyar guga. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da lafiyar jakai. Sannan Baba ya miƙe, ya ɗauko akwatin daga kan katanga, ya ajiye shi a tabarma tare da goron, ya ce:

"Yaya, wata baƙuwa ta ba ni ajiya. Ni ba ni da ƙasa, inuwa gare ni. Na zo ka ba ni wurin da zan sa ta."

Baba Ɗanasabe bai ɗaga kai daga igiyarsa ba. Ya ce: "Yaushe baƙuwar tat taho?"

Baba ya ce: "Ta ɗan jima."

"Kuma sai yau kat tuna hanyar gidana?"

"Ƙafa ta tsufa, Yaya. Tafiyar ta yi mini nisa."

Ka san tsakanin zaurukan nan ko akuya mai ɗingishi ba ta gajiya. Na duƙar da kai don kada su ga bakina. Baba Ɗanasabe ya ɗauki goro ɗaya, ya fasa, ya miƙa wa Baba rabi. Suka tauna. Sannan ya juyo gare ni ya ce: "Ke likita, mi ne ne dokar wagga ajiya?" Na gaya masa: wanda ya gano ya ɗauki abu ɗaya, ya bar abu ɗaya, ya mayar. Ya ce ashe masu wasan suna da kunya. Ya tambaya ko mai ajiyar tana da rai, na ce tana nan, har jikoki gare ta. Ya ce to ajiyar mai rai ba a taɓa ta da wasa.

Ya ce zai yi tunanin wurin da ya dace. Muka bi shi, yana dogara sanda, ya zaga bayan rumbuna, ya duba gindin wani gawo ya ce tururuwa sun yi yawa, ya duba bakin rijiya ya ce yara za su gani. Mutane suka fara biyo mu. Ya yi ta zagaye da mu har rana ta yi zafi, sannan ya tsaya a gindin tsamiya, ya nuna da sanda daidai gurbin da aka ciro akwatin, ya ce: "Nan ya fi." Baba ya ce lalle Yaya ya iya zaɓen wuri.

Kafin a rufe Baba Ɗanasabe ya buɗe murfin, ya ciro 'yar tsanar ya ba ni, ya ce in tafi da ita asibiti in ba wata yarinya, don Fatsima ta samu barci. Ya laluba aljihu ya fito da ƙyastun mahaifinsa, ɗan ƙarfen nan da ake kunna wuta da shi kafin ashana ta zo, ya sa a ciki. Ya ce in rubuta sunansa a takardar, in rubuta Ɗanasabe ɗan Garba ɗan Barmo, mai saiwa. Shi da kansa ya durƙusa da gwiwar nan tasa ya ɗora dutsen. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

A hanyar komawa ya tsaya a bangon gabas, ya sa hannu a tsagar, ya zaro tsumman da kuka cusa. Ya ce: "Wane gwani yay yi wanga aiki?" Baba ya ce ɗan rediyo ne. Ya ce ya yi zato. Nan take ya kira babban ɗansa ya ce a fara jiƙa ƙasa.

Na duba gwiwar, ruwa ne ya taru, ya yi alkawarin zuwa asibiti bayan shuka. Gobe zan koma bakin aiki, ba zan ga gayyar ba. Ka je a madadina, kuma ka ɗauki kwando, kada ka tsaya da makirfo a inuwa.

Taka,
Hulda

*

Keita, 27 ga Mayu

Zuwa ga Hulda,

Ina gaishe ki, ina fata kin koma lafiya kuma ƙyandar ta lafa. Mu lafiya, sai bayana da ya ƙi miƙewa. Kin ce in ɗauki kwando, na ɗauka.

An yi gayya. Tun da sassafe jakai suka fara kawo ruwa daga fadama, samari suka shiga kwaɓa da ƙafa, aka zuba ƙaiƙayi da kashin shanu kamar yadda aka saba. Maginin ya ce tsagar ta fi ƙarfin yaɓe kawai, sai da aka fasa gefenta aka ɗinke da sabon tubali, sannan aka bi da yaɓe hawa biyu. Wannan ya ci mana rana. Mun gama gabas da kudu, aka gyara indararo. Arewa da yamma sai bayan shuka, kuma magini ya ce za su iya jira.

Kawu Ɗanasabe ya yanka akuya, Inna Fatsima ta shugabanci tukwane, amma ta ƙi bi ta gindin tsamiya, ta gwammace ta zaga ta bayan majami'a da ƙwaryar fura a ka. Dattawan biyu suka zauna a tabarma ɗaya suna gyara wa samari aiki da baki. Kawu Kaleb ya ce yaɓen ya yi kauri, Kawu Ɗanasabe ya ce ya yi siriri, magini ya yi kamar kurma. Da aka tashi mahaifinki ya buga ƙarfen majami'a sau ɗaya don godiya, liman ya yi addu'a, kowa ya shafa.

Abin da ya rage shi ne bushewa. Magini ya ce sabon yaɓe yana son rana ta kwana da yawa kafin ya sha dukan ruwa, in ba haka ba sai ya saluɓe ya zubo gaba ɗaya. Kwana kaɗan ya samu. Jiya da rana aka yi ruwa mai ƙarfi da iska daga Buza har Deule, mu nan yayyafi kawai muka gani. Wayoyin ƙauye duk ba sa shiga.

Alƙasim ya biyo ta can da safen nan. Bai tsaya ba saboda taɓo, amma ya ce daga kan hanya ya hangi mutane sun fita shuka, kuma bangon gabas yana tsaye da yaɓensa. Daga nesa ya gani, kuma ta gilashin mota. Ranar Asabar zan je in duba da idona.

Naki,
Zakariya'u